Makamashi Daga Ragowar Gona da Shara Mai Ruɓewa a Ƙasar Hausa: Wace Shara Ce Ba Ta da Mai Ita?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yiwuwar samar da makamashi mai sabuntawa daga ragowar amfanin gona da kashin dabbobi da sauran shara mai ruɓewa. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, mafi yawan abin da masu lissafi ke kira shara yana da aikin da yake yi wa manomi da makiyayi, musamman ciyar da dabba da raya ƙasar noma. Saboda haka shirin da zai ɗore shi ne wanda ya nemi sharar da ke taruwa wuri guda ba mai nemanta, ko wanda ya bi hanyar da za ta ba da wuta ta kuma mayar wa gona takinta. An yi bitar rumbun bayogas, da ɓuntun shinkafa, da ƙazantar mayanka, da ciyawar kacalla, tare da abin da ya faru a ƙasashen da suka riga mu gwadawa.

Gabatarwa



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma har yau sama da mutum biliyan 2 ne ke ɗora tukunya a kan itace ko gawayi ko kananzir ko kara. Iyayenmu mata da 'ya'yan da ke goye a bayansu suna cikin wannan adadi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa da suka fara sabawa da tukunyar gas sun koma wa murhu. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kano ya san buhunan gawayin da ke jere a bakin titi, ya kuma san dajin da ake sarewa kafin a cika su.

A irin wannan hali maganar fitar da wuta daga shara tana da daɗin ji. Akwai ma wani lissafi da ake yawan cin karo da shi a takardun bincike. A ɗauki yawan dawa da gero da masarar da ƙasa ke nomawa, a ninka da nauyin karan da suke bari, a fito da miliyoyin tan, sannan a mayar da su megawat. A kan takarda lissafin ba shi da aibi. Sai dai ba a tambayi manomi ba kafin a yi shi, kuma daga nan nake son in fara.

Karan gona yana da masu shi

Bayan girbi, manomin ƙasar Hausa ba ya barin komai ya tafi a banza. Karan dawa mai kauri shi ne darni, shi ne rufin ɗaki da gadon kara, sauransa kuma makamashin girki ne tun kaka da kakanni. Karmami na dabbobi ne. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a ɗora kan bishiya ko kan soro, in bazara ta yi ta zama haja mai tsada a kasuwa. Dusa tana da masu saye, totuwar masara tana shiga murhu, ko tokar da ta rage ana tace ta don miya da sabulun salo. Abin da aka bari a gona kuwa, shanun Fulani ne ke bi su kiwata, su bar wa mai gona kashinsu, wani lokaci har da ɗan hatsi yake ba makiyayin don ya kwana a filinsa.

Wannan tsari masana sun daɗe da auna shi. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun cikin shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itace cikin birni su koma da mangala cike da taki. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin sinadaran ƙasa a gonakin Tumbau, ta nuna cewa harawa ta shiga cikin dabba, dabba ta ba da taki, taki ya koma gona, shi ne abin da ya sa ake noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar shi ya huta ba. A Nijar kuma, gwaje-gwajen cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa barin karan gero kimanin tan 2 a kowace hekta yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara yawan geron da za a girbe. Jigawarmu ba ta da ƙiba. Abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen tsiro sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ke nan duk injin da zai ci karan dawa don ya ba da lantarki, abincin akuya da takin gona yake ci. A ƙasar da manoma ke sayen tifar bola daga birni su zuba a gona, ba na ganin hikimar a ƙone kara don a kunna ƙwan lantarki. Tambayar da ta kamata ita ce, ina ake samun sharar da ta zame wa mutane kaya, wadda har kuɗi ake biya a kwashe, ko a cinna mata wuta don a huta da ita? Akwai ta, kuma tana da yawa, amma ba a gonar hatsi take ba.

Rumbun bayogas: wuta daga taki, taki kuma ya dawo

Kafin in je can, bari in tsaya a kan hanya guda da ke iya taɓa takin manomi ba tare da ta cuce shi ba. Rumbun bayogas rami ne da ake ginawa da bulo da siminti a rufe shi ruf, iska ba ta shiga. Ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, a zuba ta mashiga. A ciki, wasu ƙananan halittu da ba sa son iska suna narkar da shi mataki-mataki, kamar dai yadda abinci ke narkewa a tumbin saniya, har a sami gas mai kamawa da wuta. Kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na wannan gas mitan ne, sauran mafi yawansa iskar kabon ce, da ɗan sinadarin da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ke cin ƙarfe. Halittun sun fi aiki idan ɗumin rumbu ya kai wajen digiri 35, kuma haɗin kan shafe kwana 30 zuwa 50 kafin ya fito ta mafita.

Abin da ya fito shi ne ya sa nake fifita wannan hanya. Gas ya tafi da kabon da haidirojin. Naitirojin da fosfaras da fotasiyam, waɗanda su ne muke saye da tsada a buhun takin zamani, suna nan a cikin ruwan takin, har ma wani ɓangare na naitirojin ɗin ya koma yadda shuka za ta fi saurin sha. Ƙwayoyin ciyawa da na cuta sun ragu, wari ya ragu, ƙuda ba ya binsa. Matar da ke ƙona kandilo tana samun wuta ta rasa taki. Mai rumbu yana samun duka biyun.

Amma a yi lissafi da gaskiya. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu ke ba da kimanin kubik mita 1 na gas. Gida mai mutum 6 zuwa 8 yana buƙatar kusan kubik mita 2 a yini don girki, wato kilo 50 na kashi da lita 50 na ruwa, jarka biyu ke nan, kullum ba fashi. Saniyar ƙasarmu ba ta cika wuce kilo 10 a yini ba, kuma idan tana fita kiwo, rabin wannan a daji zai zube. Sai gida ya kasance yana da aƙalla shanu 5 a turke. Makiyayi mai yawo da garke yana da kashin shanu fiye da kowa, amma rumbu ba ya tafiya mashekari. A ƙauyen da mata ke yin tafiyar awa guda kafin su ɗebo ruwan sha, jarka biyun nan ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Ga kuma hunturu, lokacin da sanyin dare ke rage kuzarin halittun, gas ya yi ƙasa daidai lokacin da aka fi son ruwan zafi, ko da yake binne rumbun a ƙasa yana rage wannan matsala. Waɗanda abin zai fi karɓa su ne masu kiwon turke, da masu shanun huɗa da ke kwana a gida, da gidajen madara da na kaji, da Fulanin da suka zauna wuri guda kusa da ruwa.

Abin da ya faru ga waɗanda suka riga mu

Ƙasar Sin ta gina rumbuna wajen miliyan 7 a ƙarshen shekarun 1970, cikin gaggawa da neman cika adadi. Ba a daɗe ba aka watsar da da yawa daga cikinsu, domin ginin yana yoyo kuma ba mai gyara. Da gwamnati ta dawo kan shirin da tallafi mai ƙarfi bayan shekarar 2000, adadin ya haura miliyan 40, sai wata matsala ta ɓullo: matasa sun tafi birni, kiwon cikin gida ya ragu, rumbuna suka rasa abin ci. Indiya ta kafa nata shirin na ƙasa a 1981, kuma a 1984 ƙungiyar AFPRO ta fito da samfurin Deenbandhu, wanda ya sauƙaƙa kuɗin gini ta hanyar yin rufin da bulo maimakon gangar ƙarfe.

Nefal ce ta fi ba ni sha'awa. Shirin da ta fara a 1992 tare da ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan bai raba rumbu kyauta ba. Mai gida yana biyan kaso mafi tsoka, tallafi yana bi ta hannun kamfanonin gini da aka tantance, kamfani yana da alhakin dawowa ya duba aikinsa na wasu shekaru, masu sa ido kuma suna zuwa su auna inganci, wanda ya yi algus a hukunta shi. Wannan tsari aka faɗaɗa a Afirka a 2009, a Burkina Faso da Habasha da Kenya da Tanzaniya da Yuganda. Burkina Faso ce yanayinta ya fi kama da namu, kuma a can manoma da yawa sun ɗauki takin da rumbu ke fitarwa da muhimmanci ba ƙasa da gas ɗin ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana gwaji da gina rumbunan nuni, ɗalibanmu kuma kowace shekara suna kammala digiri da bincike a kan bayogas. Abin da muka rasa magina ne. Rumbu ba ya gafarta wa tsaga ko da ta kai siririn gashi, yaɓen cikinsa sai wanda aka horar. Idan bututu ya tara ruwa, ko murhu ya toshe, ko haɗin ya yi tsami saboda an cika masa abinci, gyaran na minti kaɗan ne ga wanda ya sani, amma in babu shi a kusa, rumbun ya mutu ke nan. Rumbu mai yoyo kuwa ɓarna yake yi, domin mitan ya ninka iskar kabon wajen sau 28 a ɗumama duniya cikin shekara 100. Da za a ba ni zaɓi tsakanin gina rumbuna 1,000 da horar da magina 50 waɗanda za su ci abinci da sana'ar, maginan zan ɗauka.

Ɓuntun shinkafa

Yanzu ga sharar da ta cika sharaɗin da na kafa. Kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Dabba ba ta samun abin kirki a cikinsa, ba ya saurin ruɓewa a gona, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai yawan silika. Mafi muhimmanci, ba sai an bi gona-gona ana tattara shi ba, shi ke tara kansa a bayan injin casa. Duk inda noman shinkafa ya bunƙasa, daga Kura da Bunkure zuwa Haɗeja da Argungu, za a ga tsibinsa, wani yana cin wuta a hankali yana turnuƙe unguwa da hayaƙi.

A nan ma sai an bambance. Ƙananan injuna na da suna haɗa ɓuntu da dusa su niƙe tare, wannan kuwa yana da kasuwa wajen masu kiwo. Masu gidan kaji suna ɗibar wani don shimfiɗa. Manyan masana'antu suna ƙona nasu a tukunyar tururi. Abin da ya rage a hannun matsakaitan injuna shi ne ake magana a kai.

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda na fi ba muhimmanci, ita ce murhun ɓuntu ga mata masu turara shinkafa. Turara tana cin itace ƙwarai, alhali makamashin da zai maye gurbinsa yana zube taku kaɗan daga inda suke aiki. Maƙerin gari zai iya ƙera murhun da farantin ƙarfe. Hanya ta biyu ita ce curin gawayi: a babbake ɓuntu ko ɓawon gyaɗa a cikin ganga mai ƙarancin iska, a daka, a kwaɓa da kunun rogo, a matse a shanya. Gawayin ɓuntu yana da yawan toka, bai kai na itace zafi ba, don haka sai farashinsa ya yi ƙasa sosai kafin mai shayi ko mai tsire ya karɓe shi.

Ta uku ita ce lantarki. Ana ƙona ɓuntu da iska kaɗan a cikin tukunya ta musamman, ya ba da gas da zai juya janareta. Kamfanin Husk Power Systems ya fara haka a ƙauyen Tamkuha na jihar Bihar a Indiya a 2007, da ƙananan tashoshi masu ƙarfin kilowat 30 da 'yan kai. Kusan kilo 2 na ɓuntu ke ba da awon lantarki 1 (wato kilowat 1 na tsawon awa guda), ke nan tan guda na shanshera yana ɗauke da awo wajen 100, fiye da abin da injin ke buƙata don cashe shi. Matsalar ita ce kwaltar da ke biyo gas ɗin, wadda ke toshe inji idan ba a tace kullum ba, ruwan wankinta kuma guba ne ga rafi. Yana da kyau mu lura cewa da wannan kamfani ya kafa tashoshinsa na farko a Nijeriya a 2021, a jihar Nasarawa, da hasken rana ya zo. Farashin faifan sola ya faɗi ƙwarai, kuma ba ya neman mai tace kwalta. A ganina lantarkin ɓuntu zai yi riba ne a inda injin casa da kansa zai sha wutar ya huta da sayen dizal. Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ta buɗe ƙofar sayar wa maƙwabta rarar.

Mayanka, kasuwa da makarantar kwana

Kowace safiya mayankar babban gari tana zubar da abin da ke cikin tumbin ɗaruruwan dabbobi, da jini da ruwan wanki, mafi yawa cikin kwata. Wannan ƙazanta ta riga ta zo da ruwanta, ta zo da halittun da ke narkar da ita, kuma ba ta yankewa rani da damina. A gefe guda mahauta suna buƙatar wuta don babbakar kai da ƙafa da ganda, har wasu na ƙona tsofaffin tayoyi, abin da ke cutar da su da masu cin naman. Ban san wurin da shara da buƙatar wuta suka haɗu a fili ɗaya kamar mayanka ba. Kasuwannin gwari da na kayan marmari, irin su 'Yankaba da 'Yan Lemo a Kano, suna biye, da sharaɗin a raba leda da ruɓaɓɓen tumatir tun daga rumfa, kuma a riƙa haɗawa da kashin shanu, domin kayan marmari zalla suna saurin tsamar da rumbu. Irin wannan aiki ba zai yiwu ba sai da Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa a ciki tun daga farko, a san wa zai zuba, wa zai sha gas, wa zai sayar da taki.

Ruwanda ta nuna abin da za a iya yi da bayan gidan jama'a. Daga 2001 Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Kigali ta gina manyan rumbuna a gidajen yari, aka rage itacen da ake saye, aka kuma magance ƙazantar da ke damun maƙwabta, har aikin ya ci lambar yabo ta Ashden a 2005. Makarantunmu na kwana suna da matsalolin nan biyu. Sai dai al'ummarmu za ta yi tambaya a kan tsarki, kuma tambaya ce mai hujja wadda bai kamata injiniya ya share ta ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin hayaƙin najasa da tokarta, da hukuncin abin da ya sauya daga asalinsa. A kai musu bayanin yadda rumbu ke aiki, su yi nazari su faɗa wa jama'a, kafin a haƙa rami.

Kacalla

Akwai wata shara da ba daga gona ta fito ba, ita ce ma ta cinye gonakin. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, ta mamaye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mafakar jan baki. Irin wannan ta faru a kogin Sanagal bayan madatsar Diama, kuma a Muritaniya ƙungiyar GRET tare da abokan aikinta sun koya wa ƙungiyoyin ƙauye yin curin gawayi da ita. A namu ɓangaren, an yi bincike ƙarƙashin shirin noman rani na TRIMING, da hannun Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, kan mayar da kacalla bayogas da abincin dabbobi. Wahalar tana wajen yanka, domin a cikin ruwa ake yi, ga tsargiya, ga nauyin ɗanyar ciyawa kafin ta bushe. Amma tun da yankan ya zama dole don ruwa ya wuce, duk abin da aka samu daga gawayinta ragi ne a kan kuɗin da dama sai an kashe.

Ranar da shara ta yi kuɗi

Saura abu guda da masu tsara shiri ba su cika hangowa ba. Ɓuntun da ake roƙon mutane su kwashe yau, ranar da aka kafa injin da ke cinsa zai sami farashi. Mai injin casa zai sa masa ƙofa da kwaɗo. Matar da ta saba ɗiba kyauta ta dafa wa 'ya'yanta abinci, da manomin da ke kwasar ƙazantar mayanka ya kai fadamarsa, su ne za su fara ji a jikinsu. Shi ma mai tashar lantarkin da ya yi lissafinsa a kan ɓuntun banza zai tarar ribarsa ta zube cikin shekara biyu ko uku.

Don haka ina roƙon sassan aikin gona da na injiniya na jami'o'inmu su fara da aikin da ba shi da armashi. A je bayan injunan casa na gari guda a auna ɓuntun da ke fita kowane wata na shekara, a rubuta wa ke ɗiba, nawa yake ɗiba, me yake yi da shi. A yi haka a mayanka, a yi a kasuwar gwari. Sannan duk yarjejeniyar da za a ƙulla da mai inji ko hukumar mayanka, a rubuta a cikinta farashin sharar na shekaru masu zuwa, da kason da za a bar wa matan unguwa, da farashin da manoman yankin za su riƙa sayen takin da rumbu ya fitar.